Tambaya a kan Kenny Dalglish

Ɗan Wadata, Yamai: Assalamu alaikum. Mahaifina yakan ce a cikin 'yan wasan gaba na Sikotland babu kamar Kenny Dalglish. Iyayenmu da suka riski zamaninsa, me kuke tunawa da shi?

Baba na Tawa: Wa alaikumus salam, ɗana. A 1978 muna zagaye da wata tsohuwar rediyo a ƙofar gida, maganar tana zuwa tana ɗaukewa, muka ji Liverpool ta doke Club Brugge ta Beljiyam da ci 1 da nema a wasan ƙarshe na Kofin Turai a filin Wembley, kuma Dalglish ne ya ɗaga ƙwallon ta saman mai tsaron gida bayan abokin wasansa Graeme Souness ya ba shi. Bai cika shekara guda ba da zuwansa Liverpool daga Celtic ta Sikotland domin maye gurbin ɗan wasan gaba Kevin Keegan.

Malamin Yantala: Baba ya faɗi gaskiya, amma ni na fi girmama 1986, lokacin da yake horar da ƙungiyar yana kuma buga wasa, har ya ci Chelsea ƙwallon da ta ba su kofin lig.

Baba na Tawa: Malam, kada mu manta da marigayi Denis Law, domin shi ma ƙwallo 30 ya ci wa Sikotland, daidai da Dalglish.