Baba zai cika shekara ɗaya da komawa gida: daga ina za mu fara shirin tunawa da shi?

Autar Baba, Tudun Wada

Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ƙarshen Nuwamba mahaifinmu zai cika shekara ɗaya da komawa wurin Ubangiji. Dattijon ikilisiya ne a COCIN, kafin nan ya yi aikin kuza ta wajen Bukuru. Lokacin jana'iza komai a gurguje aka yi, har shekarar haihuwarsa ta fito iri biyu, ta fosta daban, ta takardar sujada daban. Yanzu muna so mu buga ɗan littafin tarihinsa saboda jikoki, mu yi sujadar godiya, mu kuma gyara kabari. Saura mako goma. Wanne za mu sa gaba?

Tsohon Magatakarda

'Yata, sannu da haƙuri, Allah ya ƙara ta'azantar da ku. Ajiye maganar rumfa da abinci tukuna, ki fara da tsofaffi, domin su ne ba sa jira. Ki rubuta sunan mutum biyar ko shida da suka san shi tun yana saurayi: Mama idan tana nan, ƙanwarsa, abokin baftismarsa, wanda suka yi dattijantaka tare. Ki je wurin kowa shi kaɗai. In kika tara su wuri ɗaya, mai babbar murya zai kwashe hirar, sauran su bi shi da "haka ne". Kunna rikodar waya, ajiye ta kan tebur kusa da bakinsa, a kashe rediyo, kada zama ya wuce minti arba'in.

Kada ki ce "wane irin mutum ne Baba?" Amsar da za ki samu ita ce mai haƙuri, mai tsoron Allah, kuma wannan an faɗe shi a kan kowane mamaci. Tambayi abin da ido ya gani. Wa ya fara yi masa bishara? A rafi aka yi masa baftisma ko a majami'a? Da wane harshe yake addu'ar safe, Hausa ko yaren gida? Wace rigima ya taɓa sulhuntawa? Wa ya biya wa kuɗin makaranta ba ɗansa ba? A nan bangaskiyar mutum take fitowa fili.

Batun shekaru kuwa, tsofaffinmu da aukuwa suke lissafi. Ki riƙe waɗannan a matsayin turaku: zuwan Sarauniyar Ingila Jos a 1956, 'yancin kai 1960, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, komawa tuƙi ta dama 1972, fam ya koma naira 1973, kafa Jihar Filato 1976. In Mama ta ce da fam aka biya sadakinta, mai yiwuwa auren bai kai 1973 ba. Sai ki gwada da takardu: katin baftisma, takardar aure, da bayan bangon Littafi Mai Tsarki nasa, inda iyayenmu kan jera ranakun haihuwar yara. In kika ga EKAS a kan kati kada ki rikice, tsohon sunan ikilisiyar ne, Ekklesiyar Kristi a Sudan. Takardar rantsuwar shekaru ta kotu kuma a bi ta a hankali, da yawa don neman aiki aka yi su, shi ya sa 1 ga Janairu ta cika su. Inda babu tabbaci, a rubuta "wajen shekara kaza". Ba abin kunya ba ne.

Mai Ɗab'i

Anti, ta ɓangarenmu ga abin da ke ɓata aiki. Littafin da ake ɗinkewa da ƙusa biyu a tsakiya, shafukansa sai sun rabu huɗu-huɗu: 16, 20, 24. Kika kawo 22, ko a bar biyu fari ko a matse rubutu. Girman A5, wato rabin takardar A4, shafi 24 ya isa. Bango kati mai nauyin giram 250 ko 300, ciki takarda mai sheƙi giram 115 zuwa 135 in hotuna na da yawa.

Hoto kada a turo shi ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi, fuska ta fito dishi-dishi. A turo shi a matsayin fayil. Tsofaffin hotuna a cire su daga gilashi a yi musu sikanin, aƙalla 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto), ƙananan na fasfo 600. Wanda ya manne da gilashi kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta bi gilashin, a ɗauke shi haka nan a inuwa ba filasha.

Sai haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. In kwamfutar mai bugawa ba ta da irin rubutun da kika yi amfani da shi, akwatuna za su fito a madadinsu. Ki kawo PDF. A buga kwafi ɗaya na gwaji, mutum biyu su karanta da biro a hannu, ɗaya ya bi sunayen jikoki kaɗai. Mantuwa da sunan jika ɗaya ta fi kuskuren rubutu ɗari tayar da ƙura. Ki kai aikin mako uku kafin ranar, don Nuwamba da Disamba kalanda da katin biki sun cika injuna.

Uwar Zumunta

Ƙanwata, wani abu ɗaya da Baba Magatakarda bai taɓo ba: rubuta wa fasto da dattawa takarda tun makon nan. Ƙarshen shekara lokacin godiyar kaka ne da bukukuwan aure, ranakun Asabar suna ƙarewa da wuri. Ku yanke ko za ku fito godiya cikin sujadar Lahadi, godiyar da ba ta wuce minti goma sha biyar, ko sujada ta musamman ran Asabar.

In ta musamman ce, kada ta zama jana'iza ta biyu. Shaida mutum huɗu ta isa, minti uku-uku: ɗa, jika, ikilisiya, maƙwabci. A gaya musu tun da wuri su rubuta, in ba haka ba wani kawu zai riƙe makirufo ya shiga maganar gona. Waƙoƙi daga Littafin Waƙoƙi a buga kalmominsu cikin shirin, ba lamba kaɗai ba, yaran yanzu ba sa zuwa da littafi. Jikoki su karanta nassi, amma a yi gwaji ran Juma'a, musamman waɗanda suka tashi a Abuja da Hausar ta yi musu nauyi.

Birkila

Kabari ya sha damina guda, ƙasa ta zauna, yanzu ne lokacinsa. A cike inda ya lotsa da jar ƙasa a daddaɓe. Kankare mai kaurin inci huɗu, siminti awo ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, da rodi mai milimita 10 a saƙa tazarar inci takwas. A yi ta ba shi ruwa safe da yamma kwana bakwai, a rufe da buhu, iskar hunturun Jos tana tsattsaga shi. Suna a sassaƙa a dutse, fenti ba ya daɗewa. In maƙabartar ikilisiya ce, a tambayi kwamiti girman da aka yarda.

Autar Baba, Tudun Wada

Na gode ƙwarai. Na ɗauko Littafi Mai Tsarki nasa, ya ja layi a Yohanna 11:25, amma nawa Yahaya aka rubuta, kalmomin ma sun ɗan bambanta. Wanne za mu sa a dutsen?

Tsohon Magatakarda

Nasa tsohon juyi ne, na 1932, naki na 1979. Kwafi daga nasa, harafi da harafi, shi ya haddace. Ki ɗauki hoton shafin da layin da ya ja, ki sa a bangon bayan littafin tarihin. Mai sassaƙa kuma ya fara zana rubutun a takarda ku gani kafin ya taɓa dutse.