Wa ya taɓa shiga ƙauye da taswirar yawan jama'a mai gidajen dara?

Mai Awon Fili, Dutse:
Assalamu alaikum. An turo mana wata taswira a wurin aiki, an yayyanka ƙaramar hukumarmu gida-gida kamar dara. Kowane gida mita 100 ne tsawo da faɗi, hekta ɗaya ke nan, an kuma rubuta yawan mutanen ciki. Wani 43, wani 7.6. Wannan 7.6 ɗin ya tsaya mini a rai, don ban taɓa ganin guntun mutum ba. Da ita aka ce mu tsara rabon gidan sauro. Wanda ya taɓa fita da irinta, ya gaya mana abin da ya tarar.

Ɗan Taswira, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Babu wanda ya je hektar nan ya ƙirga kowa, rabo ne aka yi da lissafi. Ƙidayar 2006 ta ba Nijeriya mutum miliyan 140.4, Kano kaɗai miliyan 9.4, amma alƙaluman da ke hannunmu a ƙaramar hukuma suka tsaya, ba su sauko unguwa ba. Ta 2023 kuma aka ɗage. To sai a ɗauki adadin ƙaramar hukuma, a ƙara masa haihuwar shekarun da suka wuce, a watsa shi cikin gidajen darar.

Da na fara gwadawa a aikin digirina, rabon daidai na yi, kowane gida da kasonsa. Sai ga ɗaruruwan mutane zaune a tsakiyar ruwan dam ɗin Tiga. Malamina ya leƙo ya ce, "Su kuma waɗannan duk masunta ne?" Daga nan na koyi ba wa kowane gida nauyi: inda hoton tauraron ɗan'adam ya nuna gini, ko titi, ko hasken lantarki da dare, kasonsa ya ƙaru, ruwa da dutse su tashi a tutar babu. Haka WorldPop, cibiyar binciken yawan jama'a ta Jami'ar Southampton a Ingila, ke yi. Guntun mutumin naka daga nan ya fito. Abin lura, jimillar ba ta motsi. In adadin ƙaramar hukumar ya karkace, duk gidajen sun karkace tare.

Uwar Rigakafi, Kano:
Ni alherinta zan fara faɗa. Zamanin yaƙi da shan inna, da taswirar hannu muke fita, wadda aka zana da biro, mai unguwa na nuna mana da baki. Da aka kawo ta tauraron, aka kuma riƙa sa mana waya a jaka tana bin sawunmu, sai ga ƙauyuka da rugage waɗanda ba su taɓa shiga takardarmu ba. Wata rana mun bi hanyar amalanke fiye da awa guda, ina ta mitar aikin banza ne, ashe gari ne guda da yaransa, ba wanda aka taɓa ɗiga wa magani. Lokacin da aka ce Afirka ta rabu da cutar a Agustan 2020, garin nan na tuna.

Amma batun adadi, ɗana, kada ka sake. A cikin birni daga sama rufi ɗaya ake gani. Ka shiga zaure, ka wuce soro, sai ka tarar sassa biyar, kaka da 'ya'yanta maza da matansu da jikoki. Kullum sai na ƙara kwalabe a kan abin da takarda ta ce, ban kuma taɓa komawa da su ba.

Mai Awon Fili, Dutse:
Na gode, Hajiya. To a ƙauye fa?

Uwar Rigakafi, Kano:
Can kuma akasin haka. Rumbu da garke da ɗakin da mai shi ya tafi ci-rani duk rufi ne a ido.

Baban Ilu, Kaduna:
Akwai wata hanyar da ba ta dogara da 2006 ba, da ita GRID3, wata ƙungiya mai samar da taswirori da alƙaluman jama'a, ta fitar da ƙiyasinta na Nijeriya. Ana zaɓar wasu unguwanni kaɗan a ƙirga su gida-gida, a gano mutum nawa ke kwana a hekta ɗaya a irin wannan ginin, sannan a auna sauran wurare masu kama da shi. Na yi irin wannan ƙirgar. A takarda abu ne mai sauƙi. A ƙofar gida kuwa, ka tambayi maigida 'ya'ya nawa, ya ce "Alhamdu lillahi". Matar gida ta lissafo maka kowa ta tsallake ɗan fari saboda alkunya. Sai da muka daina tambayar adadi, muka koma "wa da wa suka kwana a nan jiya?", muka kuma sa mata su shiga ciki. Tsangaya ita ce ta fi ba ni mamaki: rumfar kwano da ɗaki biyu, amma almajiran da ke kwana a wurin sun fi na layi guda yawa. A gefe kuma ga jerin sito a bakin kasuwa, rufi har rufi, ba mai kwana sai maigadi.

Ɗan Dakwaro, Nijar:
Mu tamu ƙidayar ta 2012 ce, mutum miliyan 17.1. Damuwarmu makiyaya. Hoto rana ɗaya ake ɗaukarsa, su kuwa da damina suna arewa wajen Ingal, da rani sun gangaro. Bukkar da ke ƙarƙashin gawo ma ba ta fitowa. Na je wani gidan dara da aka rubuta masa sifiri, na sha nono a wurin.

Ɗan Taswira, Zariya:
Shi ya sa ba na karanta gida ɗaya shi kaɗai. Malam, haɗa na gunduma guda ka tara. Inda aka yi wa wani ƙari an rage wa maƙwabcinsa, kuskuren sai ya ragu.

Mai Awon Fili, Dutse:
Na tara na gundumomi uku na kai wa dagatai. Biyu sun ce da dama-dama. Na ukun ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tambaye ni ina aka kai mutanen Tudun Fulani. Gobe da sassafe zan hau babur in je in gani. Hajiya, in ƙara gidan sauro nawa a kan ɗari?