Kewayen Susten da Grimsel da Furka a kan keke: yini ɗaya ko kwana biyu?

Sabon Mahayi:
Assalamu alaikum. Ina shirin kewaya mashigan tsaunuka uku na ƙasar Suwizalan a kan keke, wato Susten da Grimsel da Furka, in tashi daga garin Andermatt in dawo cikinsa. Tsawon hanyar kusan kilomita 120 ne, hawan da ke cikinta kuma idan an haɗa shi ya kai kimanin mita 3,500. Nakan yi kilomita 100 a yini a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma ban taɓa hawa tsauni da jakunkunan kaya ba. Shin zan iya gamawa a yini ɗaya, kuma ta wane ɓangare ya kamata in fara?

Dattijon Hanya:
Wa alaikumus salam, Malam. Masu gama shi a yini ɗaya suna nan, sai dai kekunansu marasa nauyi ne kuma babu kaya a kansu, don haka ka raba shi biyu. Ranar farko ka gangara ta kwazazzabon Schöllenen zuwa Wassen, daga nan ka fuskanci Susten, hawan kilomita 17 wanda zai ɗaga ka mita 1,300 ba tare da wani wurin sararawa na kirki ba. A ƙololuwa, mita 2,224 sama da teku, hanyar ta huda dutse, kana fitowa kuma sai gangara ta gefen ƙaramin tafkin da ƙanƙarar Stein ke ciyarwa, har ka shiga dazuzzukan kwarin Gadmen. Ka kwana a Innertkirchen.

Grimsel ne ya fi tsawo, kilomita 26, kuma a ganina shi ya fi kyau. Za ka fara cikin inuwar daji, amma bayan ƙauyen Guttannen bishiyoyi suna raguwa sannu a hankali har ya zamana ba ka ganin komai sai tsurar dutse da katangun madatsun ruwa. Ruwan tafkunan nan ba garau yake ba, launinsa tsakanin toka da kore ne, saboda garin dutsen da ƙanƙara ke niƙawa tana zubawa a ciki. Daga tafkin Totensee da ke sama za ka hango ƙauyen Gletsch a ƙasa, da hanyar Furka tana lanƙwashe-lanƙwashe a jikin tsaunin da ke gabanka, kuma a nan ne gwiwar mutane da yawa kan yi sanyi. Kada hakan ya razana ka, domin hawan bai wuce mita 700 ba, ko da yake shi ne mafi tudu, mita 2,429.

Mai Gyaran Keke:
Abin da Dattijo ya faɗa daidai ne, amma ni gangarar ce ta fi damuna. Daga Susten zuwa Innertkirchen za ka sauko mita 1,600 da kaya a baya, kuma wanda ya riƙe birki bai saki ba zai zafafa shi har ya daina kamawa. Ka matsa shi sosai kafin lanƙwasar hanya, ka sake shi a miƙaƙƙiyar hanya ya huce, sannan ka sa sababbin robobin birki kafin tafiya. Game da giya, ka nemi wadda haƙoran baya suka kai na gaba yawa, misali 34 da 34, ko ma wadda ta fi haka sauƙi. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, saboda haka wanda ya iso sama sharkaf da gumi zai yi rawar ɗari a gangara idan ba shi da rigar iska da safar hannu. Fitilar gaba da ta baya ma dole ne, don akwai wurare masu duhu inda hanya ta huda dutse.

Hajiya Mai Keke:
Ina da ja a kan rabon kwanakin. Rana ta biyu ta ƙunshi hawan sama da mita 2,200, alhali ƙafafu ba su gama hucewa daga Susten ba. Ga wanda bai saba ba, gara ya ƙara kwana a saman Grimsel ko a Oberwald, ya bar Furka da kallon ƙanƙarar da kogin Rhône ke fitowa daga cikinta sai da safe, kafin babura su cika hanya kuma kafin hadarin la'asar ya taso. Na yarda da ɓangaren da aka zaɓa maka, domin idan ka juya, a gajiye za ka hau Schöllenen cikin cunkoson motoci. Dusar ƙanƙara tana rufe mashigan nan a lokacin sanyi, galibi sai wajen Yuni ake buɗe su zuwa Oktoba, don haka ka tabbatar duka ukun a buɗe suke kafin ka tsayar da rana.

Sabon Mahayi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ware kwana uku a watan Yuli, in kama ɗaki a saman Grimsel tun da wuri, kuma gobe zan kai keken a canja mini giyar baya.