Taƙaitaccen abin da aka tattauna kan shinkafar kwakwa da mazarƙwaila ta Indiya

Na tattara shawarwarin da aka bayar game da wannan abinci da mutanen jihar Maharashtra ke kira narali bhat, wanda suke dafawa a bikin Narali Purnima wajen watan Agusta.

1. Kusan kowa ya amince cewa sai shinkafar ta nuna sarai kafin a zuba mazarƙwaila, domin zaƙi yana hana ƙwayar yin laushi, kuma da zarar ta ƙandare, ko an ƙara ruwa ba za ta gyaru ba. A ganina, wannan ce shawarar da ta fi muhimmanci.

2. An ce a narkar da mazarƙwailar da ruwa kaɗan a tace, saboda tsakuwa da ɓurɓushin rake.

3. A soya kanumfari a man shanu, a juya shinkafar basmati da aka jiƙa a ciki kafin a dafa ta. Bayan nan a haɗa ta da ruwan mazarƙwailar da gurzajjiyar kwakwa da kadamon (wani kayan ƙamshi), a rufe tukunya a rage wuta har ruwan zaƙin ya tsotse, ƙwayoyin su yi ƙyalli launin zuma.

Inda aka saɓa shi ne awo. Wasu suna zuba kofi 1 na mazarƙwaila a kofi 1 na shinkafa, wasu kuwa suka ce hakan ya yi yawa. Haka nan wasu sun fi son madarar kwakwa, amma mafi yawa suka tsaya kan ɗanyar kwakwa da aka gurza.