Sati na farko a Landan: me ake fara yi, me ake bari sai daga baya?

'Yar Samaru:

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, shawara nake nema. Na gama digiri na farko a ABU, na samu gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya a wata jami'a a Landan. Biza ta fito, zan tashi daga Abuja a makon ƙarshe na Satumba in Allah ya yarda. Ɗakin da jami'a ta ba ni na sati biyu ne kacal, daga nan sai na nemi haya. Don Allah a faɗa mini, daga sauka filin jirgi zuwa ƙarshen sati na farko, me ake fara yi? Nawa zan riƙe a hannu? Sannan Hajiyarmu ta riga ta sa an yi mini kilishi da dambun nama, ga man shanu a galan, ta ce ba zan je ƙasar mutane in zauna da yunwa ba. Za su wuce?

Malamin Kongo:

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, 'yata. Ni takardu zan ɗauka, don a nan ake yin tuntuɓe tun ba a bar gida ba.

Bizar ɗalibai yanzu ta intanet ce, an daina ba da katin robar nan da ake zuwa karɓa a gidan waya. Tun kina Zariya ki buɗe asusunki na UKVI, wato hukumar biza da shige da fice ta Birtaniya, ki tabbatar lambar fasfon da za ki yi tafiya da shi ita ce a ciki. Ki duba ranar da bizar za ta fara aiki, kada ki yanki tikitin da zai sauke ki kafin ranar, ko da kwana ɗaya ne.

A jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba, ki sa fasfo, takardar CAS (shaidar jami'a ta ba ki gurbin karatu), takardar gwajin tarin fuka, shaidar kuɗin makaranta, da adireshin masaukinki cikakke har da lambar unguwa. A buga su a takarda. Waya tana mutuwa a layi, kuma layin filin jirgin Heathrow a Satumba yakan ci awa ɗaya ko fiye, tunda mai fasfon Najeriya ba ya bin ƙofar na'ura, sai ya tsaya gaban jami'i. Tambayoyin ba su da yawa: wace jami'a, wane kwas, wata nawa, ina za ki sauka, wa ke biya. Ki amsa abin da aka tambaya ki tsaya. Guntun katin shiga jirgi kuwa kada ki yar, jami'o'i da yawa suna neman sa don shaidar ranar da kika shigo.

Washegari, kafin kasuwa, kafin gaishe-gaishen 'yan gida, ki je ki yi rajista. Dalili shi ne komai a jikinta yake rataye. Sai kin yi rajista za a ba ki takardar shaidar ɗaliba, ita banki ke nema, ita ƙaramar hukuma ke nema, katin rangwamen sufuri ma sai jami'a ta tabbatar kin yi rajista. Kuskuren da ake yawan yi: mutum ya buga takardar shaidar da zai kai banki alhali adireshin Samaru ne ke shafinsa na jami'a. Banki ya mayar da ita, a sake bin layi. Ki fara canza adireshi zuwa na Landan, sannan ki buga. In kuma wa'adin rajista ya wuce ba ki yi ba, dole ne jami'a ta sanar da hukumar shige da fice, wannan ba abin wasa ba ne.

Antin Sabon Gari:

Ƙanwata, ki ba Hajiya haƙuri. Kilishi, dambun nama, man shanu, har madarar gari, duk ba sa shiga Birtaniya daga Najeriya. Doka ta hana nama da duk abin da aka yi da nono, busasshe ko ɗanye. In an gani a kwace, in kin ɓoye kuma ki jawo wa kanki tara. A ci kilishin a gida a yi miki addu'a.

Abin da za ki cika akwati da shi: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunu, zoɓo, tsamiya, kanumfari, citta. Busasshen kifi an yarda da shi, zuma ma har kilo 2. Daddawa da kifi ki naɗe su a leda uku ki sa a roba mai murfi, in ba haka ba duk atamfofinki sai sun ɗauka. Kada ki ɓata kilo a shinkafa, manja ko garin rogo. Yawancin tikiti akwati biyu ne masu kilo 23, kuma waɗannan duk suna nan a Rye Lane da ke Peckham da kasuwar Ridley Road a Dalston. Naman halal kuwa Whitechapel da Green Street sun ishe ki. Tuwon shinkafa, ki nemi gajeriyar shinkafar da suke dafawa da madara, ita ke tuƙuwa. Doguwar ba ta haɗe jiki.

Buta. Ki sa buta a akwati, kada ki ji kunya. Banɗakinsu babu ita, ƙasansa kuma babu makwararar ruwa, in kika jiƙa shi ruwan nan zai kwana.

Turaren wuta shi ne abin da ya fi haɗa 'yan matanmu da masu ɗakin kwana. Kowane ɗaki akwai na'urar jin hayaƙi a rufi. Garwashi ɗaya ya isa ta yi kururuwa a fitar da mutanen bene gaba ɗaya waje cikin dare, kuma rufe ta da leda ko safa laifi ne da ake cin tara a kansa. Ki tsaya a humra, ita ma a akwati, don jakar hannu ba ta ɗaukar kwalbar da ta wuce mililita 100. Suya ma haka, ki rufe ƙofar kicin ki kunna abin zuƙe hayaƙi kafin mai ya yi zafi.

Sanyi kuma, kada ki auna shi da hunturun Zariya. Namu busasshe ne, rana ta fito ya sake ka. Nasu da danshi da iska, ga yayyafi ba sallama. Ƙarshen Satumba da sauƙi, rana wajen digiri 17, dare wajen 10. Riguna uku marasa kauri a jere sun fi jibgegiya ɗaya, domin cikin aji da jirgin ƙasa da ɗumi, kina buƙatar abin cirewa. Ki sayi suwaita biyu da safa a gwanjon Sabon Gari, babbar rigar ruwa da takalmi kuwa ki bari sai can.

Ɗan Kwangila:

Anti ta gama da ciki, bari in yi ta aljihu.

Daga Heathrow hanya huɗu ce. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly shi ne mai arha, bai kai fam 10 ba, wajen awa ɗaya zuwa tsakiyar gari, amma tashoshi da yawa matakala ce, ga akwati biyu. Layin Elizabeth ya fi shi tsada, ya fi shi sauri da fili, kuma duk tashoshinsa ana fita ba hawa matakala. Heathrow Express minti 15 zuwa Paddington, wajen fam 25. Baƙar tasi tana iya haura fam 70. Duk wanda ya tare ki a zauren fitowa yana cewa tasi, ki wuce, halastattun ba sa farautar fasinja. Kafin duk wannan ma ki duba imel ɗin jami'a, da yawa suna turo motar ɗaukar sababbin ɗalibai a makon, sai dai ana yin rajistarta tun kafin a taso.

Bas a Landan ba ta karɓar tsabar kuɗi. Ki sayi katin Oyster, katin biyan kuɗin bas da jirgi, a tashar filin jirgi ki zuba masa fam 30. A 2025 bas fam 1.75 ce, kuma duk bas ɗin da kika sake hawa cikin awa ɗaya kyauta ne. A bas, shiga kawai ake taɓa kati. A jirgi kuwa shiga da fita, ko da ƙofa a buɗe take. In kika manta na fita, na'ura ba ta san inda kika sauka ba, sai ta cire mafi tsadar kuɗi. Ki riƙe kati ɗaya duk yini, saboda akwai iyakar abin da za a cire a rana, in kina canza kati lissafin ya rabu biyu. Daga 6:30 zuwa 9:30 na safe da 4 zuwa 7 na yamma a ranakun aiki kuɗin jirgi ya fi tsada. Katin Oyster na ɗalibai yana rage kashi 30 cikin 100, amma a tikitin sati, na wata ko na shekara kawai. In kwana uku kike shiga makaranta a sati, ki yi lissafi tukuna, wani lokaci bai biya ba.

Tsabar kuɗi, fam 300 zuwa 400 ya isa, a 10 da 20. Ki duba abin da ɗan canji ya ba ki da kyau: fam na takarda ya daina aiki, na 20 da 50 tun ƙarshen Satumba 2022. Na leda kawai ake karɓa, mai hoton Sarauniya Elizabeth ko Sarki Charles, duka biyun suna ci. Ƙananan shaguna kuma suna ƙyamar 50.

Layin wayarki na gida kada ki bar shi a Zariya. Ki sa a buɗe masa aiki a ƙasar waje kafin ki tashi, don ta nan lambobin sirri na bankinki za su riƙa zuwa. Na can, Lebara ko giffgaff, wajen fam 10 a wata. Caja ba matsala, soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu.

Tsallaka titi: hagu suke tuƙi, dama za ki fara dubawa. Waya kuma ba a riƙe ta a bakin titi, masu keke suna fizgewa.

'Yar Samaru:

Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Hajiya ta ji, ta ce to kifin za a ƙara. Baba Malam, saura haya. Na ga wani ɗaki a Facebook mai arha, mai shi ya ce in tura kuɗin ajiya yanzu ya riƙe mini, shi yana tafiya. Sannan ana ta ce mini in nemi aiki tun satin farko.

Malamin Kongo:

Kada ki tura ko sisi. Ɗaki mai arha, mai gida ba ya gari, a tura kuɗi kafin a gani: wannan tsohuwar damfara ce, Satumba kuma kakarta. Sati biyun da jami'a ta ba ki na zuwa ganin ɗaki da ido ne.

A Ingila kuɗin riƙe ɗaki ba ya wuce hayar sati ɗaya, kuɗin ajiya ba ya wuce na sati biyar, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya ba ki shaida. Amma ki lura, in a gida ɗaya za ki zauna da mai gidan, wannan kariyar ba ta hau kanki ba. Za a nemi lambar tantance biza, daga asusunki na UKVI ake ciro ta, tana aiki kwana 90. Za a kuma tambayi mai tsaya miki, a nan baƙo ke wahala, ki tambayi ofishin gidaje na jami'a tun ranar rajista.

In kin je gani, ki leƙa bayan kabad da gefen taga. Baƙin tabo a bango danshi ne, zai dawo ko an shafe shi da fenti. Ki tambaya ko wuta da gas suna cikin haya. In ba sa ciki, hita mai kilowat 2 tana cin wajen rabin fam a awa, awa takwas a rana kin ga fam 120 a wata. Ranar shiga ki ɗauki hoton kowane lungu da na mita. Harajin gida na ƙaramar hukuma ba ya kan cikakkiyar ɗaliba, sai dai ba da kansa yake faɗuwa ba, sai kin tura musu takardar jami'a.

Aiki: awa 20 a sati lokacin karatu, ana ƙirgawa Litinin zuwa Lahadi, ba a cewa na yi 10 wancan satin bari in yi 30 a wannan. Sana'ar kai ma bizar ta hana, har da kitso ko sayar da abinci daga ɗaki. Lambar inshorar ƙasa, wadda wurin aiki zai nema, kyauta ake neman ta ta intanet. Wanda ya ce a turo kuɗi ta asusunki ya ba ki lada, ko ya kira ya ce daga hukumar shige da fice yake ki biya tara ta waya, ki kashe. A ganina ma satin farko ba na neman aiki ba ne, zaɓen darussa ake rufewa da wuri, masu kyau kuma su ke fara cika.

Likitan Shika:

Ƙari kaɗan, ƙanwata. Kuɗin lafiya da kika biya tare da biza, fam 776 na shekara, shi ya ba ki damar ganin likita kyauta, amma sai kin yi rajista da asibitin unguwa, wanda suke kira GP. Ki yi a satin farko kina lafiya, cike fom ne kawai. Magani ana biyan fam 9.90 kowane iri. Lambar 111 ta shawara ce, 999 ta gaggawa.

Zazzaɓin cizon sauro yana iya tashi bayan kin sauka da sati ɗaya ko fiye, ki ɗauka mura ce ta canjin yanayi. Duk zazzaɓi a watannin farko, ki nemi likita a ranar, kuma ki faɗa da bakinki cewa daga Najeriya kika zo, don a yi gwajin jini. Kemis ɗinsu ba ya sayar da maganinsa ko na kashe ƙwayoyin cuta ba takardar likita. In kina shan wani magani kullum, ki tafi da shi a kwalinsa tare da wasiƙar likitanki. In ba ki kai 25 ba, ki tambayi allurar sanƙarau ta sababbin ɗalibai.

Antin Sabon Gari:

Na manta salla. Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba kamar nan da muke ɗan karkata arewa ba, ki duba a waya ranar da kika shiga ɗaki. Babu kiran salla a yawancin unguwanni, sai ki sauke jadawalin masallacin Whitechapel ko na Regent's Park. A Satumba agogonsu ɗaya da namu, amma Lahadin ƙarshe ta Oktoba za su mayar da shi baya da awa ɗaya, ki gaya wa Hajiya kada ta riƙa kira kina aji. Zuwa Disamba magariba kafin ƙarfe huɗu take, azahar da la'asar da ita duk suna faɗawa cikin lokacin darasi. Ranar rajista ki tambayi inda ɗakin salla yake da wurin alwala, ki riƙa yawo da ƙaramar darduma a jaka. In kuma Lahadi za ki sauka, manyan kantuna awa shida kawai suke buɗewa, da yawa biyar na yamma sun rufe, don haka ki sa garin kunu da sukari a saman akwati.