Shin sunan jaruma zai iya tona asirin labari tun daga shafin farko?

Mai Koyon Rubutu:
Salama gare ku, 'yan'uwa. Ina rubuta gajeren labari a kan wata mata da ta daina zuwa coci bayan rasuwar ɗanta, sannan ta dawo ga bangaskiya bayan shekaru masu yawa. Na raɗa mata suna Alheri, amma ƙawata da ta karanta ta ce sunan ya riga ya faɗa wa mai karatu yadda labarin zai ƙare. Ina so in ji ra'ayinku: ya kamata sunan mutumin labari ya ɗauki ma'anar bangaskiya, ko kuwa hakan yana rage wa labarin armashi?

Dattijo:
'Yata, al'adar ba wa suna nauyi tana nan da yawa a cikin Littafi Mai Tsarki. A Farawa 17 aka mai da Abram Ibrahim, a Farawa 32 kuma Yakubu ya zama Isra'ila bayan kokawar da ya kwana yana yi. Amma misalin da ya fi dacewa da labarinki yana cikin littafin Rut. Na'omi, wadda sunanta ke nufin daɗi, ta koma Baitalami bayan ta rasa mijinta da 'ya'yanta biyu, sai ta ce wa matan garin su daina kiranta Na'omi, su kira ta Mara, wato ɗaci. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, mai ba da labarin bai taɓa kiranta Mara ba; ya ci gaba da ce mata Na'omi har ranar da aka ɗora mata jikanta Obed a cinya. Saboda haka ki bar wa jarumarki sunan Alheri, amma ki bar ta ta ƙi shi, ta ji zafinsa duk lokacin da aka kira ta da shi.

Makaranciya:
Na yarda da Baba, sai dai ya kamata a bambanta labarin misali da labarin rayuwar yau da kullum. John Bunyan, wanda aka tsare a kurkukun Bedford a Ingila saboda wa'azi, ya wallafa Pilgrim's Progress a 1678, kuma a ciki kowane mutum halinsa ne sunansa: Kirista, Mai Aminci, Mai Bege. Wannan ya dace da littafin domin tun farko an sanar da mai karatu cewa mafarki ne mai koyarwa. C. S. Lewis kuwa, marubucin littattafan Narnia, ya ɗauko kalmar Aslan daga harshen Turkiyya, inda take nufin zaki, ya raɗa wa zakin da ke cikin labarinsa, ya bar wa mai karatu ya tuna da Zakin kabilar Yahuza, wato Yesu, da kansa. Tunda labarinki na mutane ne masu jini da tsoka, hanya ta biyu ce ta fi kusa da ke.

Malamin Adabi:
Ni abin da nake tsoro shi ne suna ya zama hukunci. Marubuta da yawa sukan sa wa mugun mutum suna Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, ko Yezebel, muguwar sarauniyar Isra'ila, daga nan sun rufe masa ƙofar tuba, alhali tuba ita ce zuciyar irin wannan adabi. Ku dubi yadda Bulus ya yi da Onisimus a wasiƙarsa zuwa ga Filimon: sunan bawan yana nufin mai amfani, Bulus kuwa ya ce a dā ba shi da amfani, amma yanzu ya zama mai amfani. Mutumin ne ya girma har ya cika sunansa.

Mai Koyon Rubutu:
Na gode ƙwarai, Baba da sauran 'yan'uwa. Zan bar sunan yadda yake, amma zan sake rubuta wurin jana'izar, inda za ta roƙi mijinta kada ya ƙara kiranta da shi.