Me ya sa CDN ke tura mutum sabar nesa alhali akwai ta kusa?

Mai_Kebul: Assalamu alaikum. Aikin CDN dai shi ne ta baza kwafin fayil a sabobi (kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet) da yawa, kowa ya ɗauka daga wadda ta fi kusa da shi. Amma a aikace sau da yawa ba haka ake gani ba. Masu wannan sana'a, ku kawo abin da kuka lura da shi.

Injiniya_B: Wa alaikumus salam. A fara da DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshin saba. CDN mai zaɓar saba ta hanyar DNS ba adireshinka take gani ba, na sabar da ke nemo maka suna take gani. Idan wannan sabar tana wata ƙasa, can za a jefa ka. Don haka aka fito da wani ƙari ga DNS mai suna ECS a takardar ƙa'ida RFC 7871, shekarar 2016, inda ake haɗawa da guntun adireshinka, yawanci bit 24 na farko. A cikin sabobin nemo suna, 8.8.8.8 na Google yana turawa, 1.1.1.1 na Cloudflare ba ya turawa saboda kare sirri. Buga umarnin dig TXT o-o.myaddr.l.google.com +short a kwamfuta ka ga adireshin da ake ɗauka naka ne.

Malama_Sabar: Injiniya, wannan gefe ɗaya ne. CDN masu tsarin anycast adireshi ɗaya suke tallatawa daga wurare da yawa, BGP, ƙa'idar da cibiyoyin intanet ke zaɓar hanya da ita, shi ne ke zaɓa, shi kuwa ba ruwansa da taswira. Yarjejeniyar kamfanoni da yawan cibiyoyin da za a ratsa yake dubawa. Idan mai ba ka intanet bai haɗu da CDN ɗin a mahaɗar musayar intanet ta kusa ba, sai kayanka su zagaya. Haske a cikin fayiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, wato kowane kilomita 1000 na ƙara milisakan 10 zuwa da dawowa. Kafin a ma nemi fayil, ƙulla haɗi (TCP) da kulle shi da sirri (TLS 1.3) sun ci zuwa da dawowa biyu. A Cloudflare, haruffa uku na ƙarshen cf-ray, wani layi a kanun amsar saba, suna nuna cibiyar da ta amsa, a CloudFront kuwa x-amz-cf-pop.

Dan_Tashar: Malama, a ƙara da cewa saba ta kusa ba ta da amfani in babu kwafin a cikinta. Umarnin curl -sI zai nuna HIT (akwai kwafi) ko MISS (babu), da Age (daɗewar kwafin a ajiya). Abin da ya fi jawo MISS shi ne Set-Cookie (umarnin ajiye bayanin mai ziyara a burauzarsa) a kan fayil, ko Cache-Control mai private (mai hana CDN ajiye kwafi), ko wutsiyar talla irin utm_source da ke sa shafi ɗaya ya zama adireshi ɗari. A cire wutsiyar daga makullin ajiya, wato abin da CDN ke gane kwafi da shi, a sa s-maxage mai faɗa wa CDN tsawon lokacin da za ta riƙe kwafi.

Injiniya_B: Fayil ɗin da ba a yawan nema kuma ana share shi da wuri don a samu fili. A nan ajiya mai hawa biyu ke taimakawa: sabar gefe, wato ta kusa da mai nema, ta tambayi ta tsakiya kafin a dami ta asali.